Koyon Japananci ta Hanyar Hausa: Hujja daga Ƙasar Zamfara

Gabatarwa

Kayan Japan sun daɗe da zama 'yan gida a ƙasar Zamfara. A kasuwannin Rawayya da Bungudu da Tsafe, motar Toyota ce ke kwasar hatsi, injin Honda na ba da ruwa a fadama, farin magin Ajinomoto kuma yana kan teburin mai kayan miya. Japan na cikin manyan masu sayen riɗin da ake nomawa a Arewa. Ƙungiyar Sasakawa, wadda Ryoichi Sasakawa ya kafa a 1986 tare da Norman Borlaug da Jimmy Carter, ta fara aiki da manoman Kano da Kaduna tun 1992. Duk da haka hulɗar ta tsaya a kan kaya, kullum akwai dillali da Turanci a tsakani. Wannan maƙala na kafa hujja cewa ya kamata wasu matasanmu su koyi Japanancin yau da kullum, kuma a koyar da su shi da Hausa, domin Bahaushe ya fi Bature kusa da wannan harshe.

Kusancin sauti

Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, daidai da namu. Tsawon wasali na sauya ma'ana a wurinsu: obasan goggo ce ko inna, obaasan kuwa kaka ce. Wannan kan wahalar da mai jin Turanci, amma yaron da ya tashi yana bambance gari na zama da garin tuwo ba ya buƙatar dogon bayani. Haka ma ninka baƙi: kite na nufin zo, kitte kuma kan sarki na wasiƙa, yadda daba ta bambanta da dabba. Karin sauti ma yana aiki. A lafazin Tokyo, ame ruwan sama ne idan muryar ta sauka, alewa ce idan ta hau, kamar kukan yaro da itacen kuka. Littafin da aka rubuta don Ba'amurke kan ɓata shafuka wajen koyar da abin da Bahaushe ya sha a nono. Wanda ya bi ta Turanci ya ɗora wa kansa wahalar da ba tasa ba.

Kusancin ladabi

Japananci harshe ne mai auna matsayin mutane. Yana da tsarin girmamawa da suke kira keigo, inda kalmar aiki ke sauya siga gwargwadon girman wanda ake magana da shi. Japanawa suna sunkuyawa wajen gaisuwa, suna cire takalmi a bakin ƙofa, ba su cika cewa a'a ƙarara ba. Idan ɗan kasuwarsu ya ce abu “yana da ɗan wuya”, sau da yawa ya ƙi ke nan. Mutumin Rawayya da ke durƙusa wa surukinsa, yake ce wa dattijo ɗaya “ku”, ya kuma san abin da “sai mun duba” ke nufi a bakin mai gari, zai gane wannan nan take. Kunya da kara da alkunya su ne jarin da zai shiga aji da su. Har otsukaresama da suke faɗa wa abokin aiki, aikin “sannu da aiki” take yi.

A ɗakin girki ma akwai dangantaka. Natto, waken suya da suke ruɓarwa su ci da shinkafa da safe, yana da yauƙi da ƙarfin ƙamshin da baƙi da yawa ke gudu. Ƙwayar halittar da ke ruɓar da shi, Bacillus subtilis, ita ce ke aiki a cikin kalwa idan mata sun dafa ta sun lulluɓe don yin daddawa. Bambancin shi ne mu muna dakawa mu shanya mu sa a miya, su kuwa suna ci da yauƙinsa.

Inda wahalar take

Ba a ce hanyar shimfiɗe take ba. Kalmar aiki a Japananci ƙarshen jimla take zuwa: mai cewa ya sha ruwa sai ya ambaci ruwan kafin shan. Rubutu kuma kashi uku ne: hiragana da katakana, kowanne da alamomi 46 na asali, sai kanji, waɗanda gwamnatinsu ta ware guda 2,136 a 2010 don amfanin yau da kullum. Wannan aikin shekaru ne. Shi ya sa ya fi dacewa a fara da baki: gaisuwa, ƙirga, ciniki, tambayar hanya, da abin da Musulmi ba zai yi sakaci da shi ba, wato tambayar ko akwai naman alade ko barasa a abinci, tunda ruwan mirin da suke girki da shi yana da barasa. Al'ummar da ta riƙe ajami da boko tare ba za ta razana da sabon rubutu ba idan an bi da ita daki-daki.

Me ya sa yanzu?

Mai suka zai ce jihar da ke fama da 'yan bindiga da rufe makarantu tana da abin da ya fi wannan gaggawa. Gaskiya ne, kuma ba a neman a sa Japananci a firamare. Amma rashin masu jin harshen yana da tsada. A watan Agustan 2025, lokacin taron Japan da ƙasashen Afirka, wato TICAD, karo na tara a Yokohama, hukumar haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa ta Japan, JICA, ta haɗa birnin Kisarazu da Nijeriya don musayar al'adu. Sai labari ya bazu cewa za a ba 'yan Nijeriya biza ta musamman. Japan ta musanta, jama'arta suka yi ca, a watan Satumba aka soke shirin baki ɗaya. Da muna da masu karanta sanarwar a harshenta na asali, da matasanmu ba su rataya buri a kan jita-jita ba. Hanyoyin gaskiya suna nan, kamar tallafin karatu na gwamnatin Japan da ake nema ta ofishin jakadancinta a Abuja, kuma mai riƙe da shaidar jarrabawar harshen, mai matakai biyar daga N5 zuwa N1, ya fi samun sauƙin zama da aiki a can.

Japanawa kam sun riga mu. Shuji Matsushita na Jami'ar Nazarin Ƙasashen Waje ta Tokyo ya wallafa bincike kan Gwandara, 'yar'uwar Hausa, tun 1972.

Kammalawa

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba: ƙaramin littafin Hausa da Japananci wanda masana Hausa za su rubuta tare da masu jin harshen, darussan murya da za a iya turawa ta waya, da ajin gwaji a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Ilimi ta Maru. Idan aka samu ko da mutum kaɗan daga Bungudu da Tsafe da za su iya zama da mai sayen riɗi su yi ciniki da bakinsu, ribar da ke tsayawa a hannun dillalai za ta fara isowa ga manomi.