Rumbun Kwamfuta Na Tarayya: Yaya Aka Faro Shi?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar shinkafa daga Kalgo, ya aiko da tambaya cewa: idan ya tura wa abokin cinikinsa na Gwandu kuɗi ta waya, alhali bankinsu ba ɗaya ba ne, a ina bankunan biyu suke haɗuwa?

To Alhaji, madalla da wannan tambaya. Suna haɗuwa ne a wani rumbun kwamfutoci na tarayya. Ka san ba kowane gida ne ke da injin niƙa ba, guda ɗaya kan ishi unguwa. Haka manyan kwamfutoci suke: tsada gare su, ga cin wuta, ga neman ƙwararru. Shi ya sa ma'aikatu masu buƙata iri ɗaya kan haɗa ƙarfi su kafa rumbu guda, kowa yana shiga ta intanet da makullinsa. Turawa na kiran wannan tsari "girgije", amma fa ba a sama yake ba, gini ne a ƙasa.

Kamfanin Amazon na Amurka ya fara bayar da hayar irin wannan rumbu a 2006, ga duk mai kuɗin biya. Amma bankunan Nijeriya sun riga shi haɗa kai. A 1993 su da Babban Bankin Nijeriya suka kafa NIBSS domin daidaita biyan kuɗi a tsakaninsu, ba don kowa da kowa ba. A 2011 aka fito da tsarin tura kuɗi nan take, wanda shi ne kake amfani da shi. Sai a Fabrairun 2014 aka kawo BVN, lamba 11 tare da hoton yatsu, wadda kowane banki ke iya tantancewa.

Mutanen Kebbi sun ga amfanin abin da wuri. Da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a jihar a Nuwamban 2015, da BVN aka riƙa gane manomi, don kada mutum ɗaya ya karɓa da suna biyu.

Sai dai tarayya na da nata ciwon kai. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, jama'a suka koma tura kuɗi gaba ɗaya, hanyoyin suka cushe, kuɗi suka yi ta maƙalewa. Don haka Alhaji, kada ka ɗora wa mai saye buhu a mota sai ka ga kuɗin sun shigo asusunka.