Daga Salga zuwa Sabon Zango: yadda kakanninmu suka yi ƙaura suka sake shimfiɗa rayuwa

Kalmar zango, a asalinta, masaukin ayari ce: wurin da fatake ke sauke kaya, su shayar da jakuna, su kwana ɗaya ko biyu su yi gaba. A yau kuwa, a Ghana, zango unguwa ce da ake haihuwa a cikinta, a yi aure, a binne iyaye. Yadda masaukin kwana biyu ya zama gida na dindindin shi ne tarihin Hausawan wannan ƙasa.

Goro ne ya ja su. A ƙarni na 19 ayari kan tashi daga Kano ko Katsina da rani, ƙarƙashin madugu, ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata. Sukan ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi, har su sauka Salga a ƙasar Gwanja. Tafiyar takan ci watanni. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan fatauci. Tonawa, wato Ashantawa, su ke da dajin goro, kuma ba su cika barin baƙi su shiga can ba, sai dai a haɗu da su a kasuwar Salga. Wajibi ne a faɗi cewa ba goro kaɗai aka sayar a wannan kasuwa ba, har da bayi, kuma wannan tabo yana cikin tarihin garin.

Baƙon da ya iso Salga ba ya jin Gwanjanci, bai san farashi ba, bai san wanda zai amince wa ba. Abin da ya rufa masa asiri shi ne maigida. Maigida Bahaushe ne da ya riga shi zama a garin. Shi zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa in za a ba shi bashi, a ƙarshe ya karɓi la'ada. In aka sami saɓani, akwai limami da sarkin zango. Yaron da ya zo riƙe da igiyar jakin wani kan zauna a gidan maigida shekara da shekaru yana koyon ciniki, har a yi masa aure a ba shi jari. Jarinsa na farko amana ce, kuɗi daga baya suke zuwa.

Sai kiɗa ya canja. A 1874 sojojin Ingila suka shiga Kumashi suka ƙone ta, Gwanjawa suka kuɓuce daga hannun Tonawa, su kuma Tonawa suka karkatar da goro daga Salga. A 1892 yaƙin basasa kan sarauta ya ɓarke, garin ya watse. Mutanen da suka gina gidaje suka tara iyali sun wayi gari kasuwar da ta tara su ta mutu. Wasu suka nufi Yeji da Atebubu da Kintampo, wasu suka gangara Kete Karaki a bakin kogin Volta. Daga cikin waɗanda suka koma can akwai Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858. Ya zama limamin Kete, ya koyar da almajirai da yawa, ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ya kuma rubuta tarihin ƙasar Hausa. A can ya rasu a 1934.

Bayan Turawa sun mamaye Kumashi a 1896, ƙofar dajin goro ta buɗe, zangon Kumashi ya cika. Jirgin ƙasa ya iso garin daga Sakandi a 1903, goro ya koma bin teku zuwa Ikko maimakon bayan jaki. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci na teku tun da wuri, kafin ya koma Kano ya shahara a cinikin gyaɗa. A Ankara kuma, wato Accra, da wurin zama ya yi wa jama'a kaɗan, Malam Baƙo ɗan Malam Na'inno Bakatsine ya nemi fili daga sarakunan Ga, ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Mahauta da maɗinka da wanzamai da malamai suka bi, kowa da sana'arsa. Mossawa da Zabarmawa da Kotokoli da Yarbawa suka sauka a zanguna, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su duka.

Sai dai Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Cikin waɗanda suka hau motoci zuwa Najeriya da Nijar akwai mutanen da aka haifa a zango, ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ne ba. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Tsarin da ya tsaya kan amana da sanayya ya gamu da zamanin da ba ya sanin mutum sai da takarda.

A yau 'ya'yan zango na tashi daga Tamale da Kumashi zuwa Ankara, wasu su haye zuwa ƙasashen Larabawa ko Turai neman aiki. Ƙaura ba baƙuwarmu ba ce. Abin da tarihi ke nuna mana shi ne kakanninmu ba su tafi su kaɗai ba: sun tafi da sana'a a hannu, sun sauka a gidan wanda ya san gari, sun kuma nemi izinin masu ƙasa kafin su kafa turke. Shekarar 1969 ta ƙara mana da abu na huɗu, wato takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa ga kowane yaro.

Saura kuma hakkin da ke kan wanda ya riga ya zauna. Duk gidan da ke tsaye a zango yau, wani ne ya buɗe wa mai shi ƙofa ranar da ya iso da ƙura a ƙafa. In sabon zuwa ya yi sallama a zaurenmu, mu ne masu gidansa.