Gicciyen Ƙarfe

Gicciyen Ƙarfe lambar jarumta ce ta sojojin Jamus a da, wadda Sarki Firedirik Wilhelm na Uku na Furushiya ya ƙirƙiro a 1813. An sake farfaɗo da ita a yaƙe-yaƙen 1870 da 1914 da 1939. Hawa-hawa take: sai soja ya samu daraja ta biyu kafin ya kai ga ta ɗaya. A 1939 aka ƙara Gicciyen Barade, daga baya aka ɗora masa ganyen itace da takubba da lu'ulu'u. Janar Erwin Rommel, wanda ya yi yaƙi a Libiya da Masar, ya samu waɗannan huɗun tsakanin 1940 da 1943. Mutum 27 kacal suka kai matakin lu'ulu'u.

Mu nan Arewa, sunan da ya kamata a riƙe shi ne Chari Maigumeri, ɗan Borno. Ya fara soja ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, inda ake ruwaito cewa sun ba shi Gicciyen Ƙarfe. Turawan Ingila suka kama shi, ya shiga rundunarsu, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, su ma suka ba shi lambobin jarumta. Barikin soja na Lokoja sunansa yake ɗauke da shi.