Da Kwaɗin Alassane Sun Isa Bangui

A Kasuwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, inda Hausawa suka daɗe suna fatauci, mutum yakan ji Hausa a bakin tsofaffi, Sango kuwa a bakin yara. Yaran nan, kamar 'yan'uwansu na Kano da Maraɗi, sun san Tom da Jerry sarai, amma ba su saba ganin Gizo da Ƙoƙi a talabijin ba. Me ya kawo haka? Bari mu duba abin da ya faru, sa'an nan mu tambayi abin da zai iya faruwa da al'amura sun bi wata hanya.

An haifi Moustapha Alassane a N'Dounga, kusa da Yamai, a shekarar 1942. Makanike ne, amma tun yana saurayi yana yanka kwali yana nuna inuwarsa da hasken fitila don ya ba mutane dariya. Wani Bafaranshe mai ɗaukar fim, Jean Rouch, ya ga baiwarsa ya taimake shi, har ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, gwanin fim ɗin zane. A 1965 ya fito da La Mort de Gandji, wanda ya ci lambar yabo a bikin al'adun baƙar fata na Dakar a 1966. A shekarar kuma ya yi Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar maƙwabta, ana ta yi masa faretin banza. Daga baya ya yi Samba le Grand a 1977 da 'yan tsana, da wani mai suna Kokoa, inda dabbobi ke kokawa.

To, me ya hana wannan sana'a girma? Lissafi ne. Kafin zane ya motsa sosai, ana bukatar hoto 12 a kowace daƙiƙa, wato hoto 3,600 ke nan don minti biyar kacal. Sa'ad da Walt Disney ya yi Snow White a 1937, ɗaruruwan ma'aikata ne suka yi masa zanen. Alassane kuwa kusan shi kaɗai ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu, mai karatu, mu ƙaddara. Tun 1964 Nijar ta fara koyar da yara ta talabijin a makarantun firamare. A ce bayan yabon Dakar gwamnatin Diori Hamani ta haɗa Alassane da wannan shiri, ta ba shi samari talatin ya koya musu zane. A ce kuma da kuɗin yuraniyom na Arlit ya fara shigowa bayan 1971, an ware kaɗan don takarda da tawada da albashi. Da lokacin da aka kafa NTA a Nijeriya a 1977, akwai tatsuniyoyin zane a shirye, suna jiran mai saye. Zane ba ya gardama da harshe: muryar kawai za a canja, Gizo ya yi Hausa yau, gobe Zabarmanci, jibi Sango.

Saura kasuwa. Ita ma ta zo, sai dai a makare. A 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, kaset ɗin bidiyo ya zama haja kamar atamfa da goro. Fatake ne suka yaɗa finafinan Hausa ba tare da taimakon wata gwamnati ba, suka ratsa Kamaru da su har inda duk Bahaushe ya kafa rumfa. Da an sami ɗaliban Alassane a Kano a lokacin, da kaset ɗin Gizo ya bi motocin kaya ta Garoua-Boulaï da Bouar ya sauka a Kilomita Biyar, yaro ya ji "Ga ta nan, ga ta nanku" ko da kakarsa tana can Katsina.

Amma ba haka aka yi ba. Gwanin ya zo babu kasuwa, kasuwar ta zo babu almajiransa. Fim ɗin zane mai tatsuniyar Afirka ta Yamma da ya zaga duniya, Kirikou na 1998, Bafaranshe ne ya yi shi, Michel Ocelot. Alassane ya koma Tawa, yana riƙe da masaukin baƙi yana zane a gefe, har ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015.

Yau kwamfuta ta rage wahalar zanen, wayar hannu kuma ta maye gurbin kaset. Abin da bai canja ba shi ne bukatar mai koyarwa da mai biyan kuɗin koyo. Da na sani ƙeya ce, a baya take. In akwai yaro a gidanku da ke cika bangon littafinsa da zane, kada ku ƙwace alƙalamin.