Duba Tsabta a Makarantun En'e

A zamanin En'e, lokacin da Dutse take gunduma a ƙarƙashin Kano, ba a fara karatu a makarantar elementare sai an yi duba tsabta. Da safe yara su jeru, malam ya bi su ɗaya ɗaya yana duba farce da haƙora da kai, ko akwai ƙwarƙwata, ko makero, ko ƙazuwa. Wanda aka samu da dauɗa ya sha bulala; mai ciwo kuwa a tura shi asibiti.

Amma abin da ya fi wuya shi ne lamba, watau rigakafin agana. Iyaye da yawa ɓoye 'ya'yansu suke yi in an ce masu lamba sun iso gari. Ɗan makaranta kuwa ba shi da maɓoya, don sunansa yana cikin rajista. Ta haka mutane suka ga wanda aka yi wa lamba, agana takan tsallake shi.

A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1980 aka tabbatar ta ƙare a duniya. Yaran Takur na yanzu ba su san ta ba, sai dai zanzana a fuskar wani tsoho.