Zauren Basarake da Gidan Aikin Dole: Nazarin Wani Zanen Maclise

A 1838 Daniel Maclise, mai zane haifaffen birnin Cork, ya baje wani ƙaton zane a Landan mai suna Merry Christmas in the Baron's Hall, wanda yanzu yake ajiye a gidan zane-zane na ƙasa da ke Dublin. Zauren wani basarake ne a Ingila ta dā, ya cika maƙil ranar Kirsimeti. Ana shigo da kan aladen daji cikin jerin gwano, makaɗa na ta kaɗi, barori da kuyangi na wasa, maigida da iyalinsa na zaune a teburinsu. Kowa ya ƙoshi, kowa kuma ya san wurin zamansa.

Abin da nake son kafawa shi ne, wannan zane labarin 1838 yake bayarwa, ko da yake ya sa tufafin zamanin sarakunan Tudor. Shekara huɗu kafin nan aka kafa sabuwar dokar matalauta ta 1834, wadda ta tura mabuƙata gidan aikin dole, inda ake raba miji da mata, a raba su da 'ya'yansu. A 1838 ɗin ne 'yan Chartist suka fitar da takardar buƙatunsu, suna neman ƙuri'a ga kowane namiji baligi, marubuci Dickens kuma na cikin fitar da littafinsa Oliver Twist kashi-kashi. Attajirin da ya tsaya gaban zanen a irin wannan yanayi, abin da yake gani shi ne zamanin da talaka ke cin tuwon ubangidansa ya yi godiya, bai nemi ƙuri'a ba. Kasuwar irin wannan hoto ta buɗe sosai: daga 1839 mai zane Joseph Nash ya shiga buga The Mansions of England in the Olden Time, yana cika tsofaffin gidajen sarauta da masu biki.

Za a iya cewa ai bukukuwan an yi su, kuma Maclise ya bi diddigin sutura da al'adu. Haka ne. Sai dai wannan ƙwarewa ita ce ke sa mai kallo ya saki jiki, har ya manta cewa rana ɗaya aka tsamo daga shekara aka ce ita ce zamanin. A wannan zamani na Tudor, a ƙarni na 16, dokar 1547 ta halatta a yi wa marar aikin yi lalas da ƙarfe, a bautar da shi shekara biyu. A 1549 manoman Norfolk suka yi bore ƙarƙashin Robert Kett saboda masu ƙasa sun killace makiyaya, aka kashe dubbai. Babu ko alamar waɗannan a zauren.

Mai karatu Bahaushe ya san dabarar. Zane-zanen hawan salla da ake ratayewa a otal-otal da ofisoshi suna nuna dawaki da lifidi da alkyabba da 'yan jahi, kamar haka rayuwa take tun zamanin Rumfa. Ba a zana wanda ya yanko ciyawar dokin, balle mai biyan haraji da jangali. Ba a kuma cika tuna cewa hawan daba na tara sarakuna da yawa a fili ɗaya, irin wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, tsari ne da Turawan mulkin mallaka suka kawo daga Indiya suka ɗora a kan tsohon hawa.