Tarihin 'Ya'yan Kuka a Matsayin Magani

Lokacin da nake yaro, idan gudawa ta kama ɗaya daga cikinmu, kakata takan fasa ɗan kuka, ta jiƙa farin garin nan mai tsami da ke cikinsa, ta tace ta ba shi ya sha. Haka kuma matan Fulani sukan zuba shi a nono. A wancan lokaci ban san cewa wannan gari yana da dogon tarihi a fagen magani ba.

Tun a shekarar 1592 wani likita ɗan Italiya mai suna Prospero Alpini ya rubuta cewa ana sayar da 'ya'yan kuka a birnin Alƙahira don yin magani. A 1749 kuma Michel Adanson, Bafaranshe, ya isa Senegal, inda ya yi nazarin itaciyar, shi ya sa masana tsirrai suka sa mata sunansa. A nan kusa da mu, garin Kukawa da Shehu Laminu ya kafa a Borno a 1814, daga kuka ya samo sunansa.

Sai a ƙarni na 20 aka gano abin da ke cikin garin. Yana ɗauke da bitamin C mai yawa, wato sinadarin da aka tabbatar da shi a 1932, wanda ya sa aka ba Albert Szent-Györgyi, ɗan ƙasar Hungari, lambar Nobel a 1937. Rashin wannan sinadari ne ke sa dasashi ya riƙa zubar da jini, rauni ya ƙi warkewa. Shi ne kuma ke taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfe daga hatsi da ganye, wanda da shi ake gina jini. Sai dai zafin wuta yana lalata shi, saboda haka jiƙon da kakata take yi da ruwan sanyi ya fi dafawa amfani. A 2008 Tarayyar Turai ta amince a riƙa shigar da garin kuka kasuwanninta.

Duk da haka ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya. Kuka ba ta maganin kowace cuta, kamar yadda wasu masu talla ke faɗa. Yaron da gudawa ta tsananta masa, ruwan gishiri da sukari yake buƙata, sannan a hanzarta kai shi asibiti.

Abin da ke damuna shi ne, kukokin da na sani a ƙauyukan da na zaga lokacin ina aiki, da yawa an sare su an yanka filaye, ba a kuwa dasa wasu ba. Ina roƙon malaman makaranta su kai ɗan kuka aji, su fasa shi a gaban yara, su ba su wannan tarihi. Dattawa kuma su nuna musu inda tsofaffin kukokin garinsu suke, tun kafin gatari ya kai gare su.